Yaya, Dakata da Maganar Firintar Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kowa yana lafiya, ya shago, ya ƙurar hunturu. Mu nan Manchesta sanyi ya kankama, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya rufe gari.

Saƙonka ya iso, wanda ka ce in duba maka firinta in haɗa ta cikin kayan da zan aiko, tunda ka ga farashinta a intanet ka ga kamar kyauta. Da gangan na jinkirta amsa, domin tambayarka ta same ni ina tsakiyar fama da tawa firintar, na ce bari in ga ƙarshen abin tukuna in ba ka labari cikakke.

Farashin da ka gani gaskiya ne. Tawa fam 45 na saye ta bara, lokacin da yara suka fara makaranta aikin gida ya yi yawa. Tana bugawa, tana fotokwafi, tana da sikana, kuma daga waya kake tura mata takarda ba tare da ka jona komai ba. Ranar da na kawo ta na ce lallai an ci gaba. Ba a yi wata biyu ba tawadar da ta zo da ita ta ƙare, ashe katirij ɗin da ake sakowa a kwali, wato ɗan akwatin tawadar, ba cike yake ba, na ɗanɗano ne kawai. Na je sayen sabo, baƙi da kaloli gaba ɗaya fam 38. Ka duba fa, saura fam 7 ya kai kuɗin injin kansa. Wani abokin aikina ɗan Sudan ya ce in daina wahalar da aljihuna, akwai masu yin katirij da ya dace da injin amma ba na kamfanin ba, fam 14 saitin. Na saya, na yi wata bakwai ina aiki da shi lafiya lau. Baƙinsa baƙi ne, hoton fasfo ma na fitar da shi ba wanda ya ce uffan.

Sai wani dare, Lahadi, babbar 'yata tana da aikin da za ta miƙa da safe, ni kuma ina da takardun haya da zan sa wa hannu. Na danna, shiru. Wata 'yar fitila ruwan lemo tana ta ƙyaftawa, a ɗan gilashin gaban injin an rubuta cewa an toshe katirij ɗin domin ba na asali ba ne, in cire in sa na kamfani. Katirij ɗin nan da na buga shafi goma da shi shekaranjiya, tawada fiye da rabi a ciki, in ka girgiza kana jin motsinta. Yarinya tana tsaye a bayana riƙe da jakarta tana jira, ni kuma na durƙusa gaban inji da fitilar waya a hannu.

Na bi duk matakan da ka koya mini lokacin da nake zama maka a shago. Na zare katirij ɗin ɗaya bayan ɗaya na duba ko akwai ragowar ledar da ake liƙewa a baki. Na sami ƙyalle marar gashi na ɗiga masa ɗan sifirit, na goge ɗan allon tagullan da ke jikinsa, wanda masu gyara ke kira cip, na goge ƙananan alluran da yake taɓawa a cikin injin. Na zare wayar wuta daga bango na bar shi minti goma, na mayar da kowane katirij har na ji ya ce ƙas. Bai sauya zani ba. Daga nan na tuna ban zubar da tsofaffin na kamfani ba, suna cikin leda a ƙasan kabad. Ina sa su injin ya karɓa nan take, sai dai ya ce babu tawada. A nan na gane ba datti ba ne, ba kuma lalacewa ya yi ba. Lafiyarsa ƙalau, ƙi ya yi.

Wannan gwajin ka riƙe shi, zai yi maka amfani: in tsohon katirij na kamfani ya shiga, sabo ya ƙi, to kada ka ɓata lokaci kana kwance inji. Sannan ka bambanta saƙo iri biyu. Akwai na gargaɗi kawai, wanda zai ce tawadar ba ta asali ba ce, ka danna ka yarda ya ci gaba da aiki. Akwai kuma na toshewa, wanda ba shi da maɓallin wucewa. Nawa na biyun ne.

Da na shiga saitin injin sai na ga manhajar cikinsa ta sabunta kanta a daren Juma'a, muna barci, ta hanyar waifai ɗin gida. Ga yadda abin yake. Kowane katirij yana da cip, kuma duk lokacin da aka kunna inji sai ya tambayi cip ɗin shaida, kamar mai gadi a bakin ƙofa. Masu yin katirij na waje sun san amsar, shi ya sa nasu ke shiga. In kamfani ya turo sabuwar manhaja sai tambayar ta canza, duk katirij ɗin da ke da tsohuwar amsa ya zama bare, ko da yana cikin injin tun watanni. Ba wanda ya shigo gidana, ba wanda ya taɓa injin, amma daga nesa aka hana shi aiki. Wannan ne ya tsaya mini a rai fiye da fam 14 ɗin. Ni na biya kuɗi, rasit yana hannuna, amma ikon injin yana wurin wani.

Washegari na kira layin taimakon kamfanin. Na yi kusan minti 40 ina sauraron kiɗa kafin wata ta ɗauka. Ladabi kam ba a magana, ta ba ni haƙuri ya fi sau biyar, amma ƙarshen zancen shi ne in sayi nasu, kuma ba a komawa tsohuwar manhaja. Na ɗauki injin na kai shagon gyaran kwamfuta da ke layinmu, mai shagon bai ko buɗe shi ba. Ya ce kuɗin dubawa kaɗai ya kusa kuɗin sabo, in kai shi wurin zubar da kayan lantarki na ƙaramar hukuma. Na taɓa zuwa wurin nan, Yaya. Akwai wani babban akwatin ƙarfe cike da firintoci, wasu ko ledar gilashinsu ba a ɓare ba. Da a ce akwatin nan a Beirut Road ta Kano aka sauke shi, kafin la'asar rabinsu sun koma aiki.

A ranar na yi kewar mai gyaranka. Ina ganinsa a ido: yatsu baƙi ƙirin har ƙarƙashin farce, sirinji a hannu, ya huda katirij ya ɗura masa tawada a hankali, ya dangwala bakinsa a kan tishu har layi ya fito sosai, ya miƙo maka ya ce a gwada. In inji ya ce soson da ke shanye ragowar tawada ya cika ba zai ƙara aiki ba, ya wanke soson ya mayar da lissafin baya. In mai shago ya gaji da ɗure, ya ɗaura masa tanki a gefe ya ja siraran tiyo zuwa ciki. Nan ƙasar hannu irin wannan ya yi ƙaranci, domin ladan awa ɗaya na ma'aikaci ya isa ya sa gyara ya fi saye tsada. Mu da muka tashi muna ganin ana haɗa tawada da gawayi da ƙaro a zuba a kurtu, kowa da alƙalaminsa na kara, abin yana da wuyar haɗiyewa a ce tawada ma sai da izini.

Da na bincika sai na tarar ba a kaina aka fara ba, kuma ba kamfani ɗaya ke yi ba. Wanda ya fi yin ƙaurin suna shi ne na watan Satumba 2016, lokacin da firintocin HP masu yawa suka wayi gari sun ƙi katirij na waje, ta wani tsari da kamfanin ke kira Dynamic Security. An yi ca a kansu har suka ba da haƙuri, amma tsarin bai mutu ba. A ƙarshen 2020 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 10, saboda bai fayyace wa masu saye wannan ƙaidi yadda ya kamata ba. A Janairun 2024 shugaban kamfanin, Enrique Lores, ya faɗa a tashar CNBC cewa ana iya cusa ƙwayar cutar kwamfuta ta cikin katirij na waje, ya kuma ce burinsu buga takarda ya koma na biyan wata-wata. A Amurka ma sai da maganar ta kai Kotun Ƙoli a 2017, a shari'ar Lexmark da wani ƙaramin kamfani mai sake cika katirij, kotu ta ce in ka sayar da kaya to haƙƙin ƙirƙirarka ba ya bin kayan zuwa hannun mai saye. Wanda ya fi buɗe mini ido shi ne na Canon a farkon 2022. Ƙarancin cip ya addabi duniya, suka rasa na sa wa wasu katirij ɗinsu na tona, wato garin tawada, sai ga kamfani da kansa yana koya wa mutane yadda za su tsallake gargaɗin da injinsa ke yi. Ashe ba cip ke buga takarda ba.

Dabarar kasuwancin a fili take. Ana sayar da inji da araha, wani lokaci har da faɗuwa, a fanshe a tawada. Shi ya sa ake ta tura mutane tsarin biyan wata-wata, inda injin ke ƙirga shafukan da ka buga, a aiko maka katirij ta gidan waya kafin naka ya ƙare. Ga mai buga shafi kaɗan yana da sauƙi, ban musa ba. Amma ranar da ka daina biya katirij ɗin ya daina aiki, ko da cike yake, kuma dole injin ya riƙa shiga intanet. Ka auna wannan da shagonka, inda data ke yankewa, wuta ke tafiya, ɗalibai sun yi layi da furojet ɗinsu.

Ga babban dalilin da ya sa ba zan aiko ba. Wuta ba matsala ba ce, ƙarfin lantarkinmu da na Ingila ɗaya ne, filogi mai ƙafa uku iri ɗaya, takarda ma A4 ce, ba kamar kayan Amurka ba da sai an nemi tiransifoma. Matsalar ita ce an raba duniya shiyya-shiyya. Katirij mai siffa ɗaya sai ka ga lambarsa daban a kowane yanki: wanda HP ke sayarwa da lamba 302 a Yammacin Turai, shi ne 63 a Amurka, shi ne 123 a wajenmu. Zai zauna daram a gurbinsa amma injin Turai ba zai karɓi na Afirka ba. Ke nan in na aiko maka firinta, na ɗaure ka da jiran tawada daga Manchesta duk bayan 'yan makonni, da kuɗin fam, da kuɗin aike.

Kada ka ce na kushe ƙasar mutane gaba ɗaya, akwai abin da suka fi mu nesa ba kusa ba. Na aika wa wanda ya sayar mini da katirij ɗin imel da hoton saƙon, ban yi rantsuwa ba, ban kawo shaida ba. Ya amsa a ranar, ya ce sun san da sabuwar manhajar, bayan kwana biyu sai ga sabon saiti mai sabon cip ta ramin wasiƙa, ban ƙara ko kwabo ba. Ba kirkinsa kaɗai ba ne, doka ce a bayansa. Dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da kayan da ya zo da aibi a ba ka kuɗinka, abin da ka saya ta intanet kuwa wata dokar ta ba ka kwana 14 ka fasa ko da ba shi da laifi. Ka tuna rasit ɗinmu da ake rubuta cewa kayan da ya fita ba ya dawowa. Sannan in ka shiga babban kanti ka sayi na asali, to na asalin ne. Sau nawa ka biya kuɗin orijina a Kano, kwali ya yi kyau har da tambari mai walƙiya, ka buɗe ka tarar ɗure ne? Aikin yarinya ma a ɗakin karatu na unguwa muka buga shi da safen Litinin ɗin, kwabo 20 na kuɗin Ingila kowane shafi, ta isa makaranta a kan lokaci.

Ina sa sabon saitin, kafin in buga ko shafi ɗaya, na shiga saiti na kashe sabunta manhaja da kanta. Akwai kuma wani wuri da ake kira kariyar katirij, wanda ke ɗaure katirij ga inji ɗaya ta yadda ba zai yi a wani ba, shi ma na kashe. Na san wata rana zai iya sake faruwa, shi ya sa tsofaffin na kamfani suna nan a ajiye, domin wasu na cire cip ɗinsu su liƙa a kan na waje.

Shawarata ga shago, ka nemi mai tanki wadda kamfani ya ƙera da tankinta, irin su Epson EcoTank, ko Canon jerin G, ko HP Smart Tank. Kuɗin farko ya ninka na mai katirij sau da yawa, amma tawadar a kwalba take, ka tsiyaya da hannunka, kwalba ɗaya tana buga dubban shafuka. A Kano za ka saya, wurin wanda zai ba ka garanti a rubuce kuma kake iya komawa shagonsa. Aikin baƙi zalla, irin takardun jarrabawa da furojet, ka bar wa tsohuwar firintar lezar nan taka, ba ta gaji ba. Mai tankin kuma a hunturun nan ka riƙa rufe ta da zani, kada ta yi mako ba ta buga kala ba, domin bakin yana bushewa.

Ka taya mini a wuri biyu ko uku ka turo mini farashi kafin ƙarshen wata, abin da na ware na firinta da kuɗin aike zan tura maka ka cika. A gaida Inna da kyau, a ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan da ke tafe.