Kafin ki ajiye aiki ki shiga makarantar girki, karanta wannan

Tunda na bar koyarwa a makarantar kuɗi na koma girki, kusan kullum sai wata ta turo min saƙo, Anti ni ma na gaji da aikin nan albashi baya kaiwa tsakiyar wata, wace makarantar girki zan shiga? To bari in amsa gaba ɗaya, amma ku sani ni ina da wadda na fi so kuma ba zan ɓoye ba.

Ajin WhatsApp dai mu cire shi tun yanzu, bidiyo ne ake turo miki, wanda bai ɗanɗana miyarki ba ba zai gyara miki gishiri ba. Foli kuma, irin su Kaduna Polytechnic da ke da sashen harkar otal, karatu ne mai kyau amma sai kin bi ta JAMB kin yi shekara 2 kafin ND, mai 'ya'ya da ta ajiye albashi ba lallai ta iya wannan jiran ba. Manyan makarantun Legas da Abuja sai mai hali, kuɗin makaranta daban na masauki daban.

Abin da nake ba kowa shawara shi ne kwas a wurin da gwamnati ta san da zamansa, sannan a ɗora da zama a kicin ɗin otal. Muna da NIHOTOUR, cibiyar tarayya ce ta koyar da aikin otal da yawon buɗe ido kuma tana da reshe a Bagauda, nan jihar Kano, ki je da ƙafarki ki tambayi kwasa-kwasan da suke yi yanzu. Eh akwai nisa daga cikin gari, amma takarda ce da manajan otal zai gane. Sai dai takardar rabi ce, sauran rabin yana kicin. Ni watannin da na yi a kicin ɗin wani otal su suka mayar da ni mai girki ta gaske, satin farko ko kusa da tukunya ba a bar ni na je ba, albasa kawai nake yankawa buhu guda ido na ruwa, shef ɗin ya zo ya ɗauki yanka ɗaya ya ɗaga sama ya ce wannan da wancan ba girmansu ɗaya ba, ɗaya zai ƙone ɗaya bai dahu ba, sake. A can na san katakon yanka ja na ɗanyen nama ne kore na ganye, ba a haɗa su ko ana sauri. A can na san abinci idan ya zauna tsakanin digiri 5 da 60 ƙwayoyin cuta ke samun wurin hayayyafa, shi ya sa jallof ɗin biki da aka juye a kula tun sha ɗaya na safe, ga zafin Kano na watan Afrilu, kafin a kai amarya ta fara yauƙi. Sannan lissafi, wlh wannan shi ya fi komai, a auna fulawa a sikeli, a san nawa gas ya ci nawa robar tekawe ta ci, ki je kasuwar Singa ki ji farashin yau kafin ki faɗa wa mai oda kuɗi, don farashin satin da ya wuce ya riga ya tafi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Kafin duk wannan sai da aka ci kuɗina a wata "akademi" da na gani a Instagram, hotunan kek kamar ka lashi waya, wai sati 3 ki zama shef. Da na je ashe falon gida ne aka jera kujerun roba, mun cika ɗakin, oben ɗaya miksa ɗaya, madam ce ke kwaɓawa mu muna kallo muna ɗauka a waya. Har aka gama ban naɗe samosa goma da hannuna ba. Ana biyan kuɗin rajista sai a ce na kayan haɗi daban, na riga da hula daban, na bikin yayewa daban. Daga baya na gano rabin hotunan shafin ma ba aikinsu ba ne. Ranar da na kai satifiket ɗin neman aiki, mutumin ya juya shi gaba da baya ya miƙo min ya ce Hajiya ga kaza can ki fasa min ita gida takwas, na tsaya riƙe da wuƙa ban san ta ina zan fara ba, kuma kuɗin adashena ne gaba ɗaya na zuba a wurin.

Ba duk masu zaman kansu ne haka ba, akwai masu tsoron Allah da hannunsu ya faɗa, musamman a kayan gara irin su alkaki da dubulan da nakiya, waɗannan ma gara ki koya wurin tsohuwar hannu a cikin gari. Amma dan Allah kar ki tura ko sisi sai kin shiga ajin ana tsaka da darasi. Ƙirga murhu ki ƙirga ɗalibai. Duba ko akwai firiza mai aiki da janareta. Tambayi wa ya ba su izinin bayar da takarda, idan sun ce City & Guilds ta Landan ce su nuna miki shaida a rubuce, in sun ce suna kai ɗalibai jarrabawar NABTEB, hukumar jarrabawar fasaha da kasuwanci ta ƙasa, ko gwajin sana'a na ma'aikatar ƙwadago ki nemi ganin ta wanda ya gama. Wanda ya ce saura gurbi biyu ki biya kafin dare, ki kashe wayarki. Wanda ya yi alƙawarin aikin kuku a Dubai ko Saudiyya in kin ƙara kuɗi, wannan ki gudu.

Kuma kar ki rubuta takardar ajiye aiki tukuna, fara karɓar ƙananan oda ranar Asabar da Lahadi, ki ga azumi guda da lokacin bukukuwan bayan sallah, ki gwada tsayuwar awa goma a gaban wuta ki ji ko bayanki zai ɗauka.