Tsohon hoton jirgin tururi: wanne za ka saya, wanne za ka bari?

Hoton jirgin ruwa mai tafiya da tururi na farko da na saya, wani dillali ne ya sayar mini ta intanet, yana rantsuwa da cewa na kaka da kakanni ne. Jirage biyu ne suna tsere da dare a kogin Mississippi, tartsatsin wuta na tashi daga bututun hayaƙinsu, farin wata ya kwanta a kan ruwa. Da ya iso na zare shi daga firam, sai ga ranakun wata an lanƙwashe su ta ƙasa. Ashe shafin kalanda na biya kuɗinsa.

Asalin wannan hoto aikin kamfanin Currier & Ives ne na birnin New York. Nathaniel Currier ya kafa shi a 1835, James Ives ya zama abokin tarayyarsa a 1857, aka rufe a 1907. Wata mai zane, Fanny Palmer, ita ta zana tseren daren a 1860, jiragen kuwa Natchez da Eclipse ne. Bugun dutse suke yi: a zana hoto da alli mai maiƙo a kan shimfiɗaɗɗen dutse, a shafa tawada, a danna takarda. Daga nan mata ma'aikata su jeru, kowacce da launinta guda, hoton na wucewa daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa in ka ɗora na asali guda biyu kusa da juna, za ka ga shuɗin ruwan wannan ya fi na wancan duhu, ko jan launi ya ɗan tsallake layi a wani wuri.

Wannan shi ne mai tsada, shi ne kuma aka fi yin jabunsa. A 1936 kamfanin inshora na Travelers ya fara buga hotunan Currier & Ives a kalandarsa, shafukan sun yi shekaru har sun yi jaja-jaja, ga su nan suna yawo a kasuwa. Maganin abin bai fi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ba. Kafa shi a kan hayaƙin jirgin. A bugun dutse za ka ga baƙin a barbaje kamar yashi, launin kuma shafaffe ne da burushi. A bugun inji kuwa ɗigo-ɗigo ne jere reras, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. In ta intanet ne, ka ce a turo maka hoton kusa-kusa da na bayan takardar. Wanda ya fara kwana-kwana, ka kama gabanka. Ka nemi awo ma: ƙananan bugunsu kusan inci 8 da 12 da rabi ne, kuma a ƙasa akwai suna da adireshinsu, galibi na titin Nassau. In an yanke gefen da ke ɗauke da rubutun, daraja ta faɗi, sai ka taya da rahusa.

Ni dai a ganina, mai ƙaramin ƙarfi da ke son tsohon abu na gaske ya nemi zanen tsofaffin jaridu, irin su Illustrated London News da ta fara fitowa a 1842. A jikin katako ake sassaƙa zanen a buga a takarda, baƙi da fari, layukan sirara har ana iya ƙirga igiyoyin jirgi. An buga su da yawan gaske, don haka ba su da tsada, kuma shaidarsu na bayansu: rubutun labarin wani shafin. Takardar dai sirirya ce, tana saurin yagewa. In ka ga mai launi, yawanci daga baya wani ya shafa masa don ya ƙara kuɗi.

Akwai kuma waɗanda suka shafe mu kai tsaye. A 1832 Macgregor Laird da Richard Lander sun shigo kogin Kwara da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah, wato Kwara da Albarka a bakin Bature. Wani hafsan ruwa da ke tare da su, William Allen, ya zana wuraren da suka ratsa, aka buga a Landan a 1840. A 1841 jiragen Albert, Wilberforce da Soudan suka biyo baya, a 1854 kuma Pleiad ta hau Binuwai ƙarƙashin jagorancin likita William Baikie. Irin waɗannan zane-zane daga cikin littattafai ake ciro su, saboda haka ka tambayi mai sayarwa daga wane littafi, na wace shekara. Samunsu sai an yi haƙuri.

Sabon bugu na kwamfuta kuwa ba laifi ba ne muddin da sunansa aka sayar maka. In ado kawai kake nema a falo ko ofis, shi ya fi dacewa, rana ta ci shi ka sake wani.

Na asali kuwa, ka lissafa kuɗin firam tun kafin ka biya. Danshin damina na fitar masa da tabo ruwan ƙasa, hunturu ya busar da takardar ta yi ƙamas, gara kuma ta bayan bango take zuwa. Ka ce wa mai firam kada ya shafa gam, kada gilashi ya taɓa takardar, ya sa kwali marar asid a tsakani. Nawa na jarida yana rataye a bangon da rana ba ta kaiwa, duk ƙarshen damina nakan sauke shi in duba bayansa.