Telegram ya fidda ni kunyar amarya, ƙawayenta ne suka ƙona min rai

Ni tela ce, shagona yana Gwammaja, ɗinkin mata kawai nake yi. Duk wadda ke wannan sana'a ta san rabin aikin yanzu a waya yake. Samfurin da kika gani a Instagram, bidiyon yankan hannun riga a YouTube, aikin duwatsu a Pinterest, ga hoton da Hajiya za ta turo tsakar dare ta ce irin wannan take so sak. Da a galari nake jibge su, hoto kan hoto, har waya ta riƙa cewa ta cika. Ƙanena ne ya nuna min wani wuri a Telegram da ake kira Saved Messages, hira ce tsakaninki da kanki. In kin ga abu a ko'ina sai ki danna alamar turawa, ki zaɓi Telegram, ki jefa shi can. Don in samu sarari a waya na karɓa, ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ana dab da bikin wata amarya 'yar Hotoro aka fizge min waya a Adaidaita Sahu bayan magariba, ina dawowa daga Kantin Kwari da leshin anko a cinyata. Kafin in ce innalillahi yaron ya shige lungu. Kuɗin wayar bai dame ni ba kamar abin da ke cikinta. Ankon kamu daban ne, na dina daban, kowace ƙawa da samfurin da ta zaɓa. Wasunsu a Kaduna suke, wasu a Abuja, ban taɓa ganinsu ido da ido ba, awonsu ta saƙon murya suka turo. Uwar amarya kuwa ta biya rabin kuɗi tun tuni, kuma mace ce da ba ta son a maimaita mata magana. Daren nan ban runtsa ba. Tunanina ɗaya, da wane baki zan ce wa Hajiya a sake tattaro min 'yan matan nan ɗaya bayan ɗaya, ga yadi a yanke rabi da rabi.

Maido da layi ma wani tashin hankalin ne. Na wuni a ofishin kamfanin ana ce min a kawo lambar NIN, a jira na'ura ta dawo, a dawo bayan azahar. Ba zan ja wannan ba don har yanzu in na tuna raina ɓaci yake. Da layin ya dawo na sayi wata 'yar ƙarama ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre, ƙanena ya sa min Telegram, muka shigar da lambata, lambar sirri ta shigo. Sai ya miƙo min wayar ya ce, "Yaya, duba nan."

Wallahi komai yana nan. Abin da na fara dannawa muryar wata ƙawar amarya ce, tana cewa, "Anti, don Allah hannun kar ya matse, kuma a sauke tsawon ya rufe idon sawu." A ƙarƙashinta ga hoton rigar da ta zaɓa, ga awon ƙirji da ƙugu da kafaɗa yadda na rubuta da hannuna ranar. Na yi ta jan allon sama, ina ganin abubuwan da ni kaina na manta na ajiye, har hoton shafukan littafin awona na bara. Hawaye suka zubo min a gaban yaran shago. Hotunan da ke galari sun tafi da ɓarawo, waɗanda na jefa nan ko ɗaya bai ɓace ba.

Daga baya ƙanena ya yi min bayani cewa ajiyar ba a cikin waya take zaune ba, tana can a rumbun kamfanin, kowace waya kika shiga da lambarki za ki tarar da ita. Shi ya sa ma za ki iya goge abin da ya taru a wayar daga sashen Data and Storage, ki samu sarari, hotunan kuma suna nan in kin sake buɗe su. Fayil ɗaya yana iya kai gigabait 2 ba tare da kin biya ko kwabo ba, masu biyan Premium da aka fito da shi a 2022 su ne ke tura na gigabait 4, ni kam ban taɓa buƙatarsa ba. Ya kuma shiga sashen Devices ya kori tsohuwar wayar, ko da yake sai da aka ɗan jira kafin sabuwar ta samu ikon yin hakan, sannan ya sa min kalmar sirri ta biyu. A nan ne gabana ya sake faɗuwa, da na gane ɓarawon ma zai iya zama ya karanta awon matan mutane.

Na gama ɗinkin a kan kari. Da murna ta kwashe ni sai na buɗe tasha ta sirri a Telegram, wato shafin da sai mai mahaɗi ke shiga, musamman don bikin, na zuba samfuran da na zana da kaina, na ba ƙawayen amarya mahaɗin shiga don kowa ta ga nata. Tsarin ya yi min kyau ƙwarai, in na rubuta #kamu ko #dina a ƙasan hoto, da na danna alamar sai duk 'yan uwansa su jeru. In kuma na tura hoto a matsayin fayil, zaren surfani yana fitowa tas, ba ya dushewa.

To a nan raina ya ɓaci. Wata daga cikinsu ta tura mahaɗin ga telarta, ita kuma ta shiga ta kwashe. Kafin ranar dina na ga wuyan rigar da na ɓata dare ina zanawa a jikin wata da ba ni na ɗinka mata ba, an ma karkace shi. Na kira yarinyar na ce, "Haba 'yar nan, amana fa na ba ku." Ta ce ai ita ba ta san laifi ba ne. Haƙuri na yi saboda Hajiya, amma abin ya tsaya min a wuya. Akwai wurin soke mahaɗi a yi sabo, akwai na cewa ba mai shiga sai kin amince, akwai kuma na hana turawa da sauke hoto daga tasha. Duk na kunna su yanzu. Sai dai wadda ta yi niyya za ta ɗauki wata wayar ta ɗau hoton allon, wannan babu manhajar da za ta tare miki.

Wani abin kuma, in mahaɗi kawai kika ajiye, to mahaɗi kika ajiye. Ranar da mai shafin ya goge abinsa, za ki danna ki tarar da wayam. Akwai wani bidiyon ɗinkin bubu da nake ji da shi, haka ya tafi. Yanzu hoton nake saukewa in haɗa shi da mahaɗin a saƙo ɗaya. Ga data, in sabis ya yi rauni a cikin shago sai kin fito bakin titi kafin bidiyo ya buɗe, mai kaya na zaune tana jiranki.

Masu tambayata ko su koma Telegram, ina ce musu su koma, musamman masu karɓar awo ta waya. Ajiyata ta kaina ba zan ɗauke ta daga nan ba. Tashar anko ce na daina buɗe wa taron ƙawaye, yanzu amarya kaɗai nake sawa, ita ma sai an biya kafin alƙalami.