Roba, ƙarfe ko alminiyum: kafin ka zuba jari a sana'ar indararo

Mai shirin shiga sana'ar sayar da indararon rufi da kafa shi ya fara yanke shawarar irin kayan da zai riƙe. Daga nan ne zai san jarin da yake bukata, da kayan aikin da zai saya, da kuma irin kiran da zai riƙa samu idan damina ta kankama.

Na roba, wato PVC, shi ya fi araha da sauƙin aiki. Ba shi da nauyi, zarto kaɗai ya ishe ka yanka shi, ba ya tsatsa. Matsalarsa rana. Roba tana miƙewa da zafi, ta tsuke da sanyi: guntu mai tsawon mita 4 yana iya ƙara kusan milimita 8 idan zafi ya ƙaru da digiri 30. Shi ya sa ake barin ɗan sarari a kowace mahaɗa, kuma wanda ya manne ta da gam ƙam zai ga indararon ya lanƙwashe. Mai arahar ciki, wanda ba a sa masa kariyar hasken rana ba, yakan kode ya bushe, ka jingina tsani ya tsage.

Na ƙarfe mai rufin zinki ya fi jure bugu, amma duk inda aka yanka ko aka karce, nan tsatsa za ta fara ci. Na jan ƙarfe yana wuce shekara 50, sai dai tsadarsa ta sa ba kayan mai farawa ba ne, kuma ba a haɗa shi da alminiyum ko zinki, don yana cinye su idan ruwa ya ratsa tsakaninsu.

A ganina alminiyum ne ya fi dacewa da sabon shiga. Ba ya tsatsa, mutum biyu suna ɗaga dogon guntu ba wahala. Ka kula da kauri kawai: ana samun mai inci 0.027 da mai 0.032, kuma mai kaurin ya fi jure tsani da reshen bishiya.

Sai batun inji. Akwai injin da ake loda wa naɗin alminiyum, ya fitar da indararo daidai tsawon bango a wurin aiki, babu mahaɗa sai a kusurwa. Tun da yawancin yoyo daga mahaɗa yake fitowa, aikinsa ya fi tsabta. Amma yana cin jari, yana bukatar motar ɗaukarsa, kuma galibi kowane inji faɗi ɗaya yake bugawa, inci 5 ko 6, sai dai mai haɗa biyun wanda ya fi tsada. Kada ka yi gaggawar sayensa. Ka fara da yankakkun guntaye, ko ka riƙa sayen tsawon da kake so a hannun mai inji, har ayyuka su yi yawan da za su biya kuɗinsa.

Sayarwa kaɗai kuwa ribarta kaɗan ce, ga kaya kwance a shago duk rani. A kafawa kuɗin yake, can kuma ake yin suna ko a ɓata shi. Lissafin ruwan da indararon zai ɗauka ba wuya: ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ne, don haka rufi mai murabba'in mita 100 zai zubo lita 3,000 a ruwan milimita 30. Inda ake ruwa kamar da bakin ƙwarya, ka ɗauki indararo mai inci 6 da bututun saukarwa mai inci 3 a gefe ɗaya, inci 4 a ɗaya gefen, kusan bututu ɗaya a kowace mita 10. Ka ba indararon gangare na kamar santimita 2 a wannan tsawon, maƙalan da ke riƙe shi kuma kada tazararsu ta wuce santimita 60.

Kafin ka faɗi farashi, hau ka soka sukuddireba a katakon gefen rufin, inda za a kafa indararon. Idan ta nutse, katakon ya ruɓe, sai ka sa kuɗin canza shi a cikin takardar farashin tun kafin a fara aiki.