Baƙar Buick da Na Kusa Saya, da Mai Ruwan Toka da Na Saya

Maigida, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Ina gaishe ka da iyali, da yaran gareji baki ɗaya, har waɗanda suka zo bayana ban san su ba.

Ranar da muka yi waya ka tambaye ni me zai sa mai hankali ya tsallake sababbin motoci ya zuba kuɗinsa a kan wadda ta kusa shekara 40, sai layi ya yanke. Ga amsar a rubuce, don kai ka fara ɗora mini sifana a hannu a Panteka, kuma ba na son ka ɗauka Amurka ta lalata mini lissafi.

A nan Mishigan akwai wasu motoci da ake kira masu ƙwanji: ƙofa biyu, ƙaton inji, tayoyin baya ke ja. Asalinsu silinda takwas ne. Da aka yi tsadar man 1973, gwamnati kuma ta matsa wa kamfanoni da dokokin hayaƙi da na shan mai, sai manyan injinan nan suka yi laushi. Dabarar da wasu suka koma wa ita ce tobo: hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta cusa iska cikin inji da ƙarfi, ƙaramin inji ya yi aikin babba. Ba a lokacin aka fara ba. Tun 1962 Oldsmobile ta fitar da Jetfire mai tobo, wadda sai an riƙa zuba mata wani haɗin ruwa da sinadarin metanol don kada injin ya riƙa ƙwanƙwasa. Masu ita suka riƙa mantawa da ruwan, motar ba ta yi tsawon rai a kasuwa ba.

Guda uku na sa a gaba. Ta farko Pontiac Trans Am mai tobo ta 1980, silinda takwas, lita 4.9, ƙarfin doki 210. Kyau kam ba a magana, amma kafireto gare ta, ba ta da abin sanyaya iskar tobo, kuma da na tuƙa ta sai na ji jikinta ya fi ƙarfinta. Ta biyu Ford Mustang SVO, wadda aka yi daga 1984 zuwa 1986, silinda huɗu kacal, lita 2.3, giya biyar ta hannu. Ba su kai dubu goma ba waɗanda aka ƙera. Ita ce mafi araha kuma mafi daɗin shan kwana, sai dai kayan da ita kaɗai ke da su, irin fitilun gaba da bonet, nemansu wahala ne.

Ta uku ita ce ta hana ni barci: Buick Grand National, wato samfurin musamman na motar Buick Regal. Silinda shida, lita 3.8, baƙa wuluk daga bamba zuwa bamba. A 1986 aka sa mata abin sanyaya iska, wato kamar lagireto amma na iskar da tobo ya matsa, ta kai doki 235. A 1987 ta kai 245. In ka taka totur tana ɗan yin shiru kamar mai tunani, sai ka ji wani fito daga ƙarƙashin bonet, bayanka ya manne da kujera. Mitar gudunta mil 85 ce iyaka, allurar ta kai ƙarshe tun motar ba ta gama buɗe wuta ba. A 1987 ɗin an yi sama da dubu ashirin, sannan aka rufe da wata ta musamman, GNX, guda 547 kawai, wadda aka rubuta mata doki 276. Wannan ba ta irinmu ba ce. Mai kyau takan wuce dala dubu ɗari a wajen gwanjo. Na gan ta da idona a bikin motocin titin Woodward da ake yi a Ditiroit duk watan Agusta, na zagaya ta sau biyu, ban taɓa ba.

To ga inda kasuwar nan ta bambanta da tamu, kuma a nan nake so ka tsaya. A gida in an kawo Fijo 504, abin da muke tambaya shi ne: tana tashi? Tana shan mai? Inji na hayaƙi? In an ɗora mata injin wata ko an canja giyabos, ba aibi ba ne, wani lokaci ma ƙarin daraja ne. A nan akasin haka ne. Asalin mota ake saya. Injin da ta fito da shi daga kamfani, fentinta na farko, har takardar farashin da aka liƙa mata a gilashi ranar da ta shigo shago, kowanne kuɗi ne. Na ga motar da ba ta tashi ba shekara goma ta fi wadda ake hawa kullum tsada, don kawai ba a taɓa kwance mata noti ba.

Wannan ne ya kusa cinye ni. Wani mutum ya sa talla a intanet, baƙar Grand National ta 1987, kuɗin da ya faɗa ƙasa da na kasuwa sosai. Na yi tafiyar awa uku. Fenti na ƙyalli, inji na tashi da bugu ɗaya, har na fara lissafin kafin alƙalami. Allah ya taimake ni, wani dattijo Bature da muke aiki tare ya riga ya gaya mini abin da zan duba. A cikin murfin but akwai wata farar takarda da kamfani ke liƙawa, ɗauke da lambobin duk abin da aka sa wa motar. Grand National ta gaske sai an ga WE2 a jiki. Na ɗaga murfin, babu takardar, an fente wajen. Na koma lambar shasi mai harafi 17: a 1986 da 1987, na takwas ɗin dole ya zama 7 in injin tobo ne na asali. Ba 7 ba ne. Regal ce gama-gari aka ɗora wa inji aka shafa wa baƙin fenti. Da na shiga ƙarƙashi da tocila, na danna ƙarfen shasi na baya da sukudireba, sai ta nutse. Gishirin da ake watsawa a titi lokacin dusar ƙanƙara ya cinye shi. Na dawo gida raina a ɓace, don mutumin ya kalle ni ido cikin ido ya ce ta asali ce.

Irin tsatsar nan ba mu san ta ba a Kaduna. Shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busassun jihohi kamar Arizona ta fi ta nan tsada, ko da shekararsu ɗaya. Sannan mitar ƙirga tafiya lamba biyar ce, in ta cika sai ta koma sifili, don haka wadda ke nuna mil dubu 30 tana iya zama dubu 130. Robar birki da gefen kujerar direba su ke faɗar gaskiya, kamar yadda ka koya mana.

Wajen hidima kuwa, dole in yaba musu. Da lambar shasi kamfanin Carfax zai ba ka tarihin hatsari da sauyin hannu, ko da yake a kan tsofaffin motoci labarinsa da giɓi. Takardar mallaka ta jiha tana nuna ko inshora ta taɓa yanke wa motar hukuncin ta mutu. Kana iya biyan makanikin da ba ruwansa da mai sayarwa ya duba maka ita ya rubuto rahoto. Akwai inshorar tsofaffin motoci, irin ta Hagerty, da ake yarjejeniya a kan darajar motar tun farko. Kayan gyaran Buick ɗin nan kuma, har robobin bamba da ke ruɓewa, ana ƙera sababbi, ka yi oda su iso ƙofar gida cikin kwanaki. Amma komai da kuɗinsa. A manyan wuraren gwanjo irin Mecum da Barrett-Jackson, mai saye na biyan la'ada kusan kashi goma cikin ɗari a kan abin da ya taya. Makaniki kuma da awa ake biyansa. Aikin da za mu yi a gareji a wuni ɗaya a ce "ba da abin da ya sawwaƙa", nan albashin mako ne. Kuma samari da yawa a cikinsu in babu inda za su jona kwamfuta, sai su tsaya. Ban ga mai kunne irin naka ba tukuna.

A ƙarshe Regal T-Type ta 1986 na saya, mai ruwan toka, daga hannun wata tsohuwa da mijinta ya rasu. Inji ɗaya ne da na Grand National, giyabos ɗaya, ƙafafunta na alminiyam, sai dai ba ta da baƙin fenti da sunan, don haka kuɗinta ya sauka sosai. Matar ta miƙo mini jaka cike da rasiɗai tun daga ranar da aka saye ta. Abu na farko da na gyara shi ne birki. Wani tsari ne da ake kira Powermaster, famfon lantarki ke ba shi ƙarfi, kuma in ya gaji feda kan yi tauri ba sanarwa. Ban yarda in ɗauki yara a ciki ba sai da na gama da shi.

Ka ce in turo ta gida. Ba zan iya ba, Maigida. Shekarunta sun wuce abin da dokar shigo da motoci ta yarda, kuma fetur take so mai lamba 93 a ma'aunin ingancin mai na nan. In aka ba ta wanda bai kai ba ta fara ƙwanƙwasa, gaskit ɗin kai ne zai tafi.

Yanzu tana gareji a lulluɓe har sanyi ya wuce. Amma akwai wata 'yar ƙara da take yi da safe kafin inji ya ɗau zafi, ta ɓangaren dama. Na naɗi sautin na tura wayar babban yaronka. Don Allah ka saurara in gari ya yi shiru, ka gaya mini ko tafet ne ko iska ce ke fita daga bakin salansa.