Fim ɗin soyayya da na rasa wanda zan tsine wa a cikinsa

Ranar Asabar na tsaya wurin yaron nan mai tura fina-finai a waya kusa da kasuwar Samaru a Zariya. Ƙanwata ce ta roƙe ni in karɓo mata wani fim mai dogon zango, kashi goma sha biyu, wai duk ƙawayenta na unguwar Kongo maganarsa suke yi. Naira ɗari uku ya karɓa, ya zuba mini duka a katin memori, hoton kuma tar, babu kashin da ya ɓace. Da daddare na ce bari in leƙa kashi na farko in ga ko ya dace da yarinya. Sai da na kai na huɗu kafin na kwanta, cikin kwana uku na gama shi.

Na tashi da finafinan Hausa tun zamanin kaset. Tun fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ake wannan sana'a, kuma yawancin na soyayya da na kalla hanyarsu ɗaya ce: yaro talaka, yarinya 'yar mai kuɗi, uba ya ce sai ɗan abokinsa, ko kishiya ta nufi gidan boka. Kafin a yi minti goma ka san wanda za ka tausaya wa da wanda za ka tsine wa. Wannan bai ba ni wannan sauƙin ba.

Labarin wasu ma'aurata ne. Mijin ma'aikaci ne, ba ya duka, ba ya zagi, ba ya bin mata, cefane bai taɓa yankewa ba. Aibinsa gaba. Idan ransa ya ɓaci sai ya yi kwana biyar bai ce wa matarsa uffan ba, ya ajiye kuɗin cefane a kan talabijin ya fice. Akwai wani dare da ta tuƙa tuwo ta kaɗa miyar kuka, irin wadda yake so, ta kawo ta durƙusa ta ajiye. Ya ce ya ƙoshi. Bayan isha'i sai ga shi a bencin mai shayi yana cin burodi da ƙwai. Mai ɗaukar hoto bai bi fuskarta ba, ya tsaya a kan kwanon da ke rufe, ya daɗe a kai har na ji nauyin abin a ƙirjina. Tunda al'adarmu da dokokin hukumar tace finafinai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, ba su yarda namiji da mace su taɓa juna a fim ba, dole so da ƙi su fito ta wata hanya. Yawanci waƙa ake ɗora wa wannan aiki. Nan kuwa kwano, labule da ƙarar rufe ƙofa aka ba shi, kuma sun yi.

Ita ma matar ba a wanke ta ba. Tana bincike masa waya idan ya shiga wanka, tana kwashe sirrin ɗakinta ta kai wa ƙawaye, ta ɓoye masa adashen da ta shiga. Mafi muni, ta yi masa gorin albashi a gaban ƙaninsa, tana cewa mijin yayarta ya kai yayar tata Umara. Na ga yadda idonsa ya kaɗa, na kuma san wannan maganar ba ta fita daga zuciyar namiji da wuri. Amma an riga an nuna maka dararen da ta kwana tana magana da bango, sai ka kasa cewa ita ta fara. Shi ma ba za ka ce shi ya fara ba.

Kashi na bakwai shi ne fim ɗin. Ta yi yaji, mahaifinta ya zaunar da ita a zaure.

"Yana dukan ki?"

"A'a, Baba."

"Ya rage ki da ci ko sutura?"

"A'a."

"To me ya yi miki?"

Ta buɗe baki ta rasa abin faɗa, hawaye kawai. Tsohon ya ce ta ɗauko mayafinta a mayar da ita. Ba mugun uba ba ne, ma'aunin da ya gada ke nan, kuma da wannan ma'aunin surukinsa ya sauke haƙƙi. Sai dai aya ta 19 a Suratun Nisa'i cewa ta yi a zauna da mata da alheri, hadisi kuma ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku, balle wadda kuke kwana ɗaki ɗaya. Fim ɗin bai kawo malami ya karanta mana wannan ba. Ni na tuno da kaina, kuma hakan ya fi ratsa ni.

Daga kashi na shida tare muka riƙa kallo da maiɗakina. Da aka sake nuno kwanon nan a rufe, ta ce a hankali, "Malam, na san wannan kwanon." Ban ba ta amsa ba a lokacin. Shekara tara ina ɗaukar shirun da nake yi a matsayin haƙuri da kawaici, ina ganin gara in yi shiru da in faɗi maganar da zan yi nadama. Ban taɓa tsayawa na duba yadda yake sauka a wancan ɓangaren ba.

Yanzu abin da bai yi mini ba. Sauti yana da matsala, a wasu wurare ƙarar janareta ta danne magana, fassarar Turancin da ke ƙasa kuma cike take da kurakurai. Tallan turare da na atamfa suna faɗowa a tsakiyar kuka. Waɗannan duk zan iya yafewa.

Ƙarshen ne ya ɓata mini rai. Bayan kashi goma sha ɗaya ana gina ciwo a hankali, sai kawai mota ta buge mijin, ya farka a gadon asibiti, ta yi kuka, ya yi kuka, shi ke nan an shirya. Wanda ya saba gaba hatsarin mota ba ya koya masa magana. Na so in ga biko na gaskiya, wakili daga danginsa da wakili daga nata kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara, a zauna a tabarma, a tilasta masa buɗe baki, ita ma a faɗa mata nata. A nan Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1970 ɗaliban wasan kwaikwayo ke fita ƙauyuka su yi wasa a dandali, su tsaya su tambayi 'yan kallo yadda za a warware matsalar. Da marubucin ya yarda da masu kallonsa kamar haka, da bai nemi mota ba.

Duk da haka kuɗina bai tafi a banza ba, kuma zan ce ma'aurata su kalla tare, ba kowa a wayarsa ba. Ranar Laraba na kai wa ƙanwata katin a Tudun Wada. Bikinta bayan Babbar Salla ne, na ce idan ta gama ta miƙa wa angon, kada ya tsallake kashi na bakwai.