Jijiyar gwiwa ta tsinke bayan shekara 45: tiyata ko kine?

Yaya, na ga tambayarka. Ka ce a ƙwallon safiyar Lahadi nan Yamai ƙafarka ta kafe cikin yashi, jiki ya juya, ka ji "ƙas", gwiwa ta kumbura kafin azahar. Hoton asibiti na IRM, mai nuna jijiyoyi, ya nuna jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira LCA ta tsinke, shekarunka 47, wasu na cewa a yi aiki, wasu na cewa kine, wato atisayen motsa gaɓa da ma'aikacin lafiya ke koyarwa, ya isa. Ni ma na bi wannan hanya, ga abin da na sani.

Jijiyoyin ba ɗaya ba ne. Ta gefen ciki takan haɗe da kanta cikin makonni idan an ɗaure gwiwar. LCA kuwa ba kasafai take haɗewa ba, kuma mai ɗori ba shi da abin kamawa, don ba ƙashi ne ya karye ba.

Tiyatar ba ɗinki ba ce. Jijiya ake yankowa daga bayan cinyarka ko ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙashi a dasa ta. Daga nan sai sanduna, sai kine na wata da watanni, ƙwallo kuwa sai bayan kamar wata 9. Wanda aka yi wa aiki ma bai tsira daga kine ba, kuma aikin bai hana ciwon gaɓa na tsufa.

Kine kaɗai kuma, tsokar cinya ake ƙarfafawa ta karɓi aikin jijiyar. Kuɗinsa da sauƙi, amma yana son naci. Ni wata 2 na yi ina salla a kan kujera. Ranar da na fara zaman tahiyya a ƙasa, sai da na dafa kafaɗar na kusa da ni kafin in miƙe.

A Suwidin an gwada hanyoyin biyu kan mutum 121, sakamakon ya fito a 2010. Waɗanda aka yi wa tiyata nan take da waɗanda suka fara da kine, bayan shekara 2 kusan kunnen doki suka yi. Bayan shekara 5, kusan rabin ƴan kine ba su kai ga wuƙa ba. Kuma matasa ne ƴan 18 zuwa 35 masu guje-guje, balle mu. Sai dai wani binciken na Birtaniya a 2022, kan mutum 316 da gwiwarsu ta daɗe tana gocewa, ya nuna tiyata ta fi amfani.

Saboda haka gocewar nan ce ma'auni, ba shekaru ba. Da ni ne kai, wata 3 zan ba kine da gaske. In kana sauka daga babur ko ka waiwaya da sauri ka ji gwiwar ta kuɓuce, koma wa likitan ƙashi ku tsai da ranar aiki, don kowace gocewa tana cin guringuntsi. In kuma ta maƙale ta ƙi miƙewa, kada ka jira wata ukun nan, ka je cikin makon.

Ƙwallon Lahadi dai ka ba su alkalanci tukuna. Allah ya ƙara sauƙi.